Ƙasar da ta dakatar da manyan alƙalanta biyar cikin 'yan watanni: laifin wa?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai al'amarin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da lauyoyi da malamai a cikinmu. Wata ƙasa ce a tsakiyar tekun Fasifik, ana rubuta sunanta Kiribati, masu ƙasar kuma Kiribas suke furtawa. Tsibirai 33 ne, mutanenta kusan 120,000, wato Fagge kaɗai ta fi su yawa. A shekarar 2022, daga watan Mayu zuwa Satumba, shugaban ƙasar Taneti Maamau ya dakatar da manyan alƙalan ƙasar kakaf: alƙalin Babbar Kotu David Lambourne, sai Alƙalin Alƙalai William Hastings, sai alƙalai uku na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Su biyar, kuma babu ɗan asalin ƙasar ko ɗaya a cikinsu. Lambourne ɗan Ostireliya ne, sauran daga Niyu Zilan aka ɗauko su.

Tambayata kashi biyu ce. Ta yaya ƙasar da ta samu 'yanci daga Ingila tun 1979 za ta kai shekara arba'in da wani abu baƙi ne ke yanke mata manyan hukunce-hukunce? Sannan wa ke da laifi a nan, shugaban da ya kore su ko tsarin da ya kawo su tun farko?

DanBorno88:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan shugaban. Ƙasarka, tutarka, amma Bature ne zai ce maka ka yi ko kar ka yi? Wane irin 'yanci ne wannan? Kuma na ji an ce matar Alƙalin Alƙalan ita ce shugabar 'yan adawa. To ina adalci zai fito?

Barr_Hauwa:
DanBorno, ɗan gyara kaɗan ɗan'uwa. Ba matar Alƙalin Alƙalai ba ce, matar Lambourne ce. Sunanta Tessie Lambourne, 'yar ƙasar ce gaba da baya, ta yi jakadiyar Kiribati a Taiwan kafin ta shiga majalisa ta zama jagorar adawa. Shi kuma mijin ba jiya ya zo ba, tun shekarun 1990 yake zaune a can, ya ma riƙe babban muƙami a ofishin lauyoyin gwamnati kafin a naɗa shi alƙali a 2018. Lokacin da aka naɗa shi matarsa ba ta adawa, kuma Maamau ɗin nan ne ke kan mulki, tun 2016 ya hau.

Yadda abin ya faro: a farkon 2020 ya tafi Ostireliya, sai korona ta sa aka rufe iyakoki yana can. Da lokacin dawowa ya yi, gwamnati ta ce naɗinsa na shekara uku ne, aka tsayar masa da albashi, aka hana shi takardar izinin aiki. Ya kai ƙara. A watan Nuwamba 2021 Hastings ya yanke cewa naɗin ba shi da wa'adi kuma abin da gwamnati ta yi ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A watan Mayu 2022 aka dakatar da Lambourne bisa zargin jinkirta hukunci. Ya ƙalubalanci dakatarwar, Hastings yana shirin sauraron ƙarar a ƙarshen watan Yuni, shi ma aka miƙa masa tasa takardar.

DanBorno88:
Na gode Barista, na karɓi gyara. Amma maganata tana nan. Mutum ya kwana ɗaki ɗaya da shugabar adawa, gari ya waye ya hau kujerar alƙalanci?

Malam_Nuhu_Zariya:
Wannan ai malamanmu sun daɗe da warware ta. Alƙali ba ya yin hukunci don amfanin wanda ba a karɓar shaidarsa a kansa, kamar matarsa ko ɗansa ko mahaifinsa. Idan irin wannan shari'a ta zo, sai ya miƙa ta ga wani. Ba a ce a tuɓe shi don matarsa tana da ra'ayi ba. Abin da ya dace a tambaya shi ne, ya taɓa zama a kan ƙarar da ta shafi matarsa ya yi son kai? In ya yi, a kawo hujja. In bai yi ba, aure bai zama laifi ba.

Bashir_Injiniya:
Bari in sa baki, don ni na zauna da mutanen nan. Na yi shekara huɗu ina aikin inji a jirgin ruwan dakon kaya, kuma a cikin ma'aikatan akwai 'yan Kiribati biyar. Suna da makarantar koyon aikin jirgi a Betio, a Tarawa babban birninsu, daga nan ake ɗaukarsu aiki a jiragen ƙasashen waje. Mutane ne masu kunya da ladabi, in suka zauna da daddare sai waƙa da murya ɗaya.

Akwai wanda muka shaƙu da shi. Wata rana na tarar da shi ya zana wani abu a bayan kwalin sabulu, layuka dogaye sirara a jere kamar kunyoyin gona. Ya ce wannan tsibirinsu ne. Faɗinsa a wasu wuraren in ka tsaya tsakiya kana ganin ruwa ta dama da hagu. Kowane gida yana da yanki siriri da ya tashi daga wannan bakin ruwa zuwa wancan, a ciki akwai bishiyoyin kwakwa da ramin da suke shuka wani irin gwaza mai girma da suke kira babai. Ya nuna mini layi ɗaya da yatsa, ya ce a kan wannan layin suke shari'a da 'ya'yan ƙanen kakansa tun yana yaro. Kuɗin da yake turawa gida, wani kaso a kan layin nan yake ƙarewa.

Na tambaye shi su wa ke yanke musu. Ya ce a tsibiri majistarori ne, dattawan gari da ba su yi karatun lauya ba amma sun san asalin kowa da iyakar kowa. In ba ka gamsu ba sai ka ɗaukaka zuwa Babbar Kotu, ita kuma sai an jira alƙali ya zo daga Tarawa. To ku duba, Sadiq, ba duka alƙalansu ne baƙi ba. Na ƙasa 'yan gida ne. Na saman ne baƙi.

Sadiq_Fagge:
Injiniya, wannan bayani ya ƙara mini haske sosai. Ke nan ranar da aka dakatar da biyar ɗin, irin abokinka ne suka fara ji a jikinsu, ba 'yan siyasa ba.

Bashir_Injiniya:
Ƙwarai. Kuma ka tuna da nisan ƙasar. Gaba ɗaya tudunta murabba'in kilomita 811 ne, amma a warwatse yake a cikin teku mai faɗin gaske. Daga Tarawa zuwa tsibirin Kiritimati ya haura kilomita 3,000. Ko da alƙali yana nan, kai shi can aiki ne babba, balle a ce babu shi.

Magatakarda_Mai_Ritaya:
Yarana, ku bar tsoho ya ce wani abu. Shekara 31 na yi ina riƙe da littafin kotu, daga ƙauye zuwa birni. Ku da kuke cewa ɗan gida ya fi baƙo, ban ce kun yi kuskure ba, amma na ga abin da ba ku gani ba.

An taɓa turo mana wani alƙali ɗan garin da kotun take. Mutumin kirki, mai tsoron Allah, ko goro ba ya karɓa. Wata rana aka kawo ƙarar gona, wanda ake ƙara kawun matarsa ne. Ya ce zai miƙa wa wani, aka ce kotu mafi kusa tafiyar yini ce kuma masu ƙarar ba su da kuɗin mota. Ya zauna ya yi shari'ar, gaskiya ta faɗa kan kawun, ya karɓe gonar ya ba mai ita. Daga ranar nan matarsa ba ta ƙara shiga gidansu an amsa mata sallama ba. Ranar sunan ɗansa na je, tabarmin da aka shimfiɗa wa dangin uwa babu kowa a kai har aka yi addu'a aka watse. Bayan wata shida da kansa ya rubuta takarda yana roƙon a yi masa canjin wurin aiki. Ni na buga masa ita a tafireta, ina bugawa yana share ido da hannun riga.

Wannan a gari ɗaya ke nan, a ƙasar da ke da inda za a mayar da shi. To ƙasar da fiye da rabin mutanenta ke cunkushe a Tarawa ta Kudu, kowa ɗan'uwan kowa, coci ɗaya, makaranta ɗaya, ina za a mayar da shi? Shi ya sa suke ɗauko baƙo. Ba raina kansu suka yi ba.

Ummu_Khalifa:
Allah sarki Baba. Wallahi labarin nan ya taɓa ni. Allah ya saka wa wannan alƙali.

Jamila_Jos:
Baba, na yarda da kai rabi. Baƙo ba shi da kawu a gari, gaskiya ne. Amma yana da abin da ya fi kawu haɗari: biza da kwantiragi. Ɗan ƙasa in ka tuɓe shi yana nan a gidansa, yana magana, mutane suna ganinsa a kasuwa. Baƙo kuwa ba sai ka bi ta majalisa ba, jami'in shige da fice kaɗai ya ishe ka. Baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi. Ku duba abin da ya faru a filin jirgin Tarawa mana.

Ummu_Khalifa:
Me ya faru a filin jirgin, Anti Jamila?

Jamila_Jos:
A watan Agusta 2022 Lambourne ya samu ya koma ƙasar da bizar ziyara, don iyalinsa suna can. Ranar 11 ga wata jami'ai suka ɗauke shi suka kai filin jirgin Bonriki za su tasa ƙeyarsa a jirgin Fiji Airways, alhali Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da umarnin kar a fitar da shi. Matuƙin jirgin ya ƙi ɗaukar mutum bisa tilas. Aka yi ta ja-in-ja na sa'o'i, fasinjoji na zaune, daga baya jirgi ya tashi ba tare da shi ba. Aka tsare shi, washegari kotu ta ce a sake shi. Kafin watan ya ƙare kotun ta yanke hukunci ta ba shi gaskiya. Farkon Satumba sai aka dakatar da su ukun da suka yanke: Peter Blanchard, Rodney Hansen da Paul Heath, dukkansu tsofaffin manyan alƙalan Niyu Zilan.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, a ranar nan umarnin kotu bai tsayar da jami'an gwamnati ba. Direban jirgi ne ya tsayar da su.

Barr_Hauwa:
Jamila ta taɓo jijiyar maganar. Kuma ba Kiribati ce ta fara ba. Maƙwabciyarta Nauru, wadda duka girmanta murabba'in kilomita 21 ne, ta yi haka a watan Janairu 2014. Gwamnatin Baron Waqa ta kori majistare Peter Law daga ƙasar, Alƙalin Alƙalai Geoffrey Eames ya ba da umarnin a dakata, sai kawai aka soke masa biza yana Ostireliya. Ya kasa komawa bakin aikinsa, daga baya ya ajiye muƙamin. Ba tuhuma, ba kwamiti, ba ƙuri'ar majalisa. A 2018 kuma Nauru ta yanke hanyar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Ostireliya da take bi a da.

Shi ya sa nake cewa tambayar Sadiq ta biyu ba ta da amsa ɗaya. Tsarin ɗauko baƙi yana da ƙofa a bayansa, shugaban kuma ya ga ƙofar ya bi ta ciki.

DanBorno88:
To ai kun dawo kan maganata. A daina ɗauko su, a huta.

Alhaji_Zango_Kumasi:
Ɗana DanBorno, a yi hattara da wannan magana, don mu ma mun ci abincin nan, mun kuma ciyar da wasu. Ka tambayi manya, Grand Kadi na farko a Jihar Arewa ɗan Sudan ne, Sheikh Awad, sai a 1962 Sheikh Abubakar Gumi ya gaje shi. Malaman Sudan ne suka koyar da alƙalanmu a makarantar shari'a ta Kano tun shekarun 1930. Daga baya Najeriya ta riƙa aika nata: Udo Udoma ya yi Alƙalin Alƙalan Yuganda, Akinola Aguda ya yi na Botswana. Ba abin kunya ba ne ƙasa ta aro mai ilimi kafin nata su girma. Abin kunyar shi ne a shekara arba'in ana aro ba a shuka ba.

Malam_Nuhu_Zariya:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Ka lura kuma Sheikh Awad bai tafi ba sai da ya bar magaji da aka rena a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne aro mai albarka.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ina ganin kuna ba wa zancen baƙo da ɗan gida nauyin da ya wuce kima. Mu nan Nijar a 2009, lokacin tazarce, kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar raba gardamar da shugaba Tandja yake so ba ta halatta ba. Shugabar kotun, Madame Salifou Fatimata Bazèye, 'yar ƙasa ce, sauran ma duk 'yan ƙasa. Ƙarshen watan Yuni ya rushe kotun baki ɗaya ya naɗa wasu. Babu mai biza a cikinsu. Mai mulki in ya ƙudura, asalin alƙali ba ya hana shi.

Jamila_Jos:
Gaskiya ne Malam Issoufou, amma ka faɗi ƙarshen labarin. Watan Fabrairu 2010 mulkin ya faɗi, ita kuma aka dawo da ita ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, mutanen Nijar suna alfahari da ita har yau. Don tana nan a cikinku. Su waɗancan biyar ɗin wa ya fito titi dominsu a Tarawa?

Ga misali daga cikin tekun nan dai. A Samoa a 2021 tsohon firaminista ya ƙi sauka bayan zaɓe, aka kulle majalisa, Fiame Naomi Mata'afa ta sha rantsuwa a cikin tanti a harabar majalisar ranar 24 ga Mayu. Alƙalan Samoa 'yan ƙasa, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Satiu Simativa Perese, suka tsaya kai da fata, a watan Yuli Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce rantsuwar ta inganta, kuma aka bi. Su ma ƙaramar ƙasa ce, su ma kowa dangin kowa.

Magatakarda_Mai_Ritaya:
'Yata Jamila, wannan misali naki na Samoa ya yi mini daɗi, ban san shi ba. Ke nan ana iyawa. Sai dai ki sani duk wanda ya tsaya irin wannan tsayuwa a cikin danginsa, akwai tabarmar da za ta zauna babu kowa a kai.

Aminu_Siyasa:
Ku duka kun bar giwa kuna neman sawunta. A watan Satumba 2019 Maamau ya yanke hulɗa da Taiwan ya koma wajen Sin. Matar alƙalin ita ce jakadiya a Taiwan a lokacin. A Yulin 2022, daidai lokacin da ake dakatar da alƙalan, ya janye ƙasar daga ƙungiyar ƙasashen tsibiran Fasifik. Ku haɗa ɗaya da ɗaya. Faɗan manya ne, Sin a gefe, Ostireliya da Amurka a gefe.

Barr_Hauwa:
Malam Aminu, ranakun da ka kawo daidai suke, kuma Kiribati ta koma ƙungiyar a farkon 2023. Amma jera ranaku ba ya zama hujja, ko a gaban majistare. Ni na fi son mu tsaya kan abin da ke rubuce. Kundinsu ya ce ba a cire alƙalin Babbar Kotu sai don gazawa ko rashin ɗa'a, sai shugaban ƙasa, wanda suke kira Beretitenti, ya kafa kwamitin bincike, kwamitin ya ba da shawara, majalisa wadda suke kira Maneaba ni Maungatabu ta amince. Da zarar an kafa kwamitin, shugaba na iya dakatar da alƙalin. Nan ramin yake. Wanda ya faɗi a shari'a shi ke zaɓar 'yan kwamitin, shi ke dakatarwa, jam'iyyarsa ke da rinjaye a majalisa. A takarda an bi doka, a aikace mai ƙara ya zama alƙalin alƙalinsa.

Ummu_Khalifa:
Ni fa akwai abin da kowa ya tsallake. An ce zargin da aka yi masa shi ne jinkirta hukunci. Ku lauyoyi kuna ɗaukar wannan kamar ƙaramin abu. Mu da muke zaune a benci ba ƙarami ba ne a wurinmu.

Shekara bakwai ke nan muna shari'ar gidan mahaifinmu. Alƙali na farko ya saurari shaidu duka, har da wata gwaggonmu da muka ɗauko a kujera don ba ta iya tafiya. Aka sa ranar hukunci sau huɗu ana ɗagewa. Ana haka aka yi masa canjin wuri, sabo ya zo ya ce sai an faro daga farko. Gwaggo ta rasu kafin a sake kiranta, ita ce kaɗai ta ga lokacin da aka yi rabon farko. Mahaifiyata tana ajiye da takardun a cikin ledar burodi a ƙasan akwati, duk ranar zama sai ta fito da su ta goge ƙura ta mayar. In da gaske wannan mutumin ya riƙe wa talakawa hukunci, ni ban ga dalilin da za a ce kar a taɓa shi don yana alƙali ba.

Malam_Nuhu_Zariya:
Allah ya jiƙan gwaggo, ya fitar muku da haƙƙinku. Maganarki gaskiya ce 'yar'uwa, jinkirta haƙƙi bayan ya bayyana zalunci ne, kuma alƙali ba ya fi ƙarfin tambaya.

Barr_Hauwa:
Ummu Khalifa, ban raina wannan ba ko kaɗan, ina ganinsa kullum. A ƙarshe ma a kan wannan batu na jinkiri kwamitin ya ba da shawarar a cire shi, majalisa ta amince a watan Afrilu 2024, ya bar ƙasar a watan Mayu. Amma ki dubi maganin da aka ba ciwon. Don alƙali ɗaya ya yi jinkiri, aka bar ƙasa ba alƙalin Babbar Kotu na tsawon watanni, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma a rufe. Wanda ke tsare yana jiran shari'ar kisa, wanda ya ɗaukaka ƙarar fili irin abokin Injiniya, duk suka tsaya cik. Wanda jinkiri ya dama da gaske, ƙarin alƙalai zai nemo. Kuma Hastings da sauran ukun ba jinkiri suka yi ba, su saurin yanke hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba ne ya jawo musu.

Sadiq_Fagge:
To wa ya cike gurbin?

Barr_Hauwa:
A watan Oktoba 2022 aka naɗa Tetiro Semilota muƙaddashiyar Alƙalin Alƙalai. 'Yar ƙasa ce, mace ta farko a kujerar. Hastings ya yi murabus a Disamba.

DanBorno88:
Alhamdu lillahi. Kun gani? Ashe akwai 'yan ƙasa masu ilimin. Da ba a yi wannan girgizar ba, da har yau tana jiran layi.

Jamila_Jos:
Ka tambayi daga wace kujera aka ɗauko ta, DanBorno. Ita ce Antoni Janar, wato babbar lauyar gwamnatin da ke rigima da alƙalan. Ina murna mace 'yar ƙasa ta hau, wallahi ina yi. Amma kai da ka ce mijin 'yar adawa ba zai yi adalci ba, me za ka ce da lauyar gwamnati? Ma'auni ɗaya za mu riƙe.

DanBorno88:
Na ji wannan, kuma ta shige ni. Amma ita aƙalla in ta yi ba daidai ba a cikinsu za ta tsufa, za ta haɗa ido da waɗanda ta zalunta. Shi baƙo jirgi zai hau.

Alhaji_Zango_Kumasi:
Akwai hanya ta uku da ba ku ambata ba. Ƙananan tsibiran gabashin Karibiyan sun haɗa kotu guda tun 1967, hedikwatarta a Saint Lucia, tana yi wa ƙasashe shida masu 'yanci da yankuna uku na Ingila aiki. Alƙali ɗan wannan tsibiri sai a tura shi wancan. Ba Bature ba ne, ya san irin rayuwar, amma ba shi da kawu a garin, kuma shugaba ɗaya ba zai iya korarsa shi kaɗai ba. Mu ma a zamanin Turawa akwai kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma da ta haɗa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Me zai hana Kiribati da Tuvalu da Nauru su yi haka? Lauyoyinsu da yawa ma makaranta ɗaya suka yi, sashen shari'a na Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Vanuatu.

Issoufou_Maradi:
Shawara mai kyau Alhaji, amma wane shugaba ne zai sa hannu ya ba da sandar da ke hannunsa? Kotun CEDEAO, wato ECOWAS, da ke Abuja tana yanke hukunci, ƙasashe nawa ke bi?

Barr_Hauwa:
Tunda Alhaji ya ambaci Gambiya, ga abin da aron alƙalai ya jawo musu. A Disamba 2016 Yahya Jammeh ya kai ƙarar zaɓen da ya faɗi gaban Kotun Ƙoli. A Janairu 2017 Alƙalin Alƙalai Emmanuel Fagbenle, ɗan Najeriya, ya ce kotu ba za ta iya zama ba don alƙalan da ake jira daga Najeriya da Saliyo ba za su samu zuwa ba sai bayan watanni. Ƙasa na kan bakin wuta, kotunta ta ƙoli ba ta da mutanen da za su cika kujeru. Da Adama Barrow ya hau, cikin abubuwan farko da ya yi akwai naɗa ɗan ƙasa, Hassan Jallow.

Mu kanmu mun bar kai ƙara kotun Privy Council ta Landan ne a 1963, bayan ta yanke hukunci a rikicin Akintola da Adegbenro ba yadda masu mulki suke so ba. Kishin ƙasa aka kira shi a lokacin, kuma akwai kishin a ciki, amma akwai jin haushin hukuncin ma. Kiribati har yanzu tana da 'yar ƙofa zuwa wannan kotu ta Landan a wasu batutuwa ƙalilan na tsarin mulki.

Bashir_Injiniya:
In dawo da mu kan mutanen ƙasar. Abokin nan nawa ya taɓa ba ni labarin maneaba, wata babbar rumfa mai rufin ganye da ke kowane ƙauye. Kowane dangi yana da wurin zamansa a ciki, ba a zama a wurin wani. Dattawa, waɗanda suke kira unimwane, su ke magana bi da bi har a cimma matsaya. Ya ce yawancin rigingimu a nan suke mutuwa ba su kai kotu ba. Sunan majalisar ƙasar ma daga nan aka samo shi. Ina jin da yawa daga mutanen tsibiran nesa ba su ma san sunan Hastings ba. Abin da ya dame su shi ne ruwan gishiri da ke shiga ramin babai da rijiyoyinsu.

Aminu_Siyasa:
Shi ya sa shugaban bai yi asarar komai ba. An sake zaɓensa a watan Oktoba 2024, karo na uku, kuma duk 'yan takarar da majalisa ta tsayar daga jam'iyyarsa suka fito. Ita Tessie ta ci kujerarta ta majalisa amma ba a bar ta ta shiga takarar shugaban ƙasa ba. In ana neman kotun da za a kai wannan kuka, sai a tuna abin da aka yi wa kotun shekara biyu kafin nan.

Magatakarda_Mai_Ritaya:
Abu ɗaya zan ƙara kafin in tafi masallaci. A aikina na ga alƙalin da aka dakatar, na ga kuma abin da ya biyo baya a sauran kotuna. Ba a aiko wa kowa takarda ba, ba a kira kowa a waya ba. Amma daga ranar duk ƙarar da ke da sunan hukuma a ciki sai ka ga ana ɗage ta, ana neman dalilin da za a ce ba a da hurumi. Mu masu riƙe da littafi mu ke fara ganewa, don mu ke rubuta ranakun.

Sadiq_Fagge:
Allah ya saka da alheri Baba, a sa mu a addu'a. Na shigo ina ganin laifin tsarin ne ya fi yawa, yanzu na fi karkata ga cewa shugaban ya yi ta'adi, musamman a kan ukun nan na Kotun Ɗaukaka Ƙara da ba su da mata a siyasa, ba su da tarin shari'u a ƙasa. Amma tambayata ta farko tana nan ba a amsa mini ba: shekara arba'in da uku daga 1979 zuwa 2022, me ya hana a rena 'yan ƙasa su hau tun kafin rigima?

DanBorno88:
Wannan ita ce tambayar da nake yi tun safe, Sadiq. Kuma Ostireliya da Niyu Zilan da ke turo alƙalan su ma a tambaye su.

Ummu_Khalifa:
Barista Hauwa, don Allah in ba damuwa zan tura miki hoton takardun nan ta akwatin saƙo ki duba mana. Zama na gaba ranar Talata ne, kuma an ce wai wannan alƙalin ma ana maganar canja shi.

Barr_Hauwa:
Turo 'yar'uwa, har da kwafin bayanin da gwaggo ta bayar a gaban alƙali na farko in kuna da shi. In ba ku da shi, gobe da safe ki je wurin rajistara ki nemi a ba ki kwafi mai hatimi, kar ki bari sai Talata.